Jerry Garcia: Makaɗin jitar da har yau ake gardama kan gwanintarsa

A shekarar 2003, mujallar kiɗa ta Rolling Stone da ke Amurka ta fitar da jerin makaɗan jita 100 da ta ce sun fi kowa iyawa a tarihi, inda ta sanya Jerry Garcia a mataki na 13. Da mujallar ta sake jerin a 2011, sai ga shi ya gangaro zuwa na 46. A tsakanin nan Garcia bai ƙara kiɗa ba, bai kuma rage ba, domin tun 1995 ya mutu. Masu zaɓen ne suka sauya, kunnuwansu kuma ba ɗaya ba ne.

Haka al'amarinsa yake tun yana raye. Akwai mutanen da suka bar aiki da makaranta suka riƙa bin ƙungiyarsa ta Grateful Dead gari-gari, wasu sun halarci wasanta fiye da sau ɗari. Akwai kuma waɗanda ba sa iya sauraronsa na minti biyar, suna ganin mutum ne da ke ta yawo da yatsu a kan tsirkiya ba tare da ya san inda ya dosa ba.

A shekaru 30 da ya yi yana jagorantar ƙungiyar, sun yi wasa kusan 2,300, amma waƙarsu ɗaya tak ta taɓa shiga cikin goman farko na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Tarihinsa ya nuna yadda hakan ta kasance, da kuma abin da ya jawo masa.

Yatsa da uba

An haifi Jerome John Garcia ranar 1 ga Agusta, 1942, a birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya. Mahaifinsa, wanda asalin danginsa 'yan ƙasar Sifaniya ne, mai busa ne da ya taɓa jagorantar ƙungiyar makaɗa kafin ya buɗe mashaya. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce. Sun raɗa masa sunan Jerome Kern, wani shahararren mai tsara waƙoƙi.

Yana ɗan shekara huɗu, yana riƙe wa yayansa itace shi kuma yana faskarawa, sai gatari ya sare masa mafi yawan ɗan yatsansa na tsakiya a hannun dama. Yana ɗan shekara biyar kuma mahaifinsa ya nutse a kogin Trinity da ke arewacin Kalifoniya, inda ya je kamun kifi.

Mahaifiyar ta karɓi ragamar mashayar, yaran kuma suka koma hannun kakanninsu na wajen uwa na wasu shekaru. A gidan ne Jerry ya saba jin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka, a rediyon kakarsa.

Ranar da ya cika shekara 15, mahaifiyarsa ta saya masa akodiyon, wani abin kiɗa da ake matsawa da hannu biyu kamar zugazugi. Bai so shi ba. Ya dage har aka musanya shi da jitar lantarki, domin a lokacin kiɗan Chuck Berry da na makaɗan buluz baƙaƙen fata ne ya cika masa kunne.

Karatun boko bai dame shi ba. Zane ne ya ja hankalinsa, har ya riƙa zuwa ajin koyon zane a wata makarantar fasaha ta birnin. A 1960 ya shiga soja, amma ba a yi shekara ba aka sallame shi saboda yawan fashin aiki. A Fabrairun 1961 ya tsira daga wani hatsarin mota wanda abokinsa ya mutu a ciki. Masu rubuta tarihinsa na ɗaukar wannan hatsari a matsayin abin da ya sa ya daina gantali ya mayar da hankali kan kiɗa.

Shekarun banjo

A garin Palo Alto, kudu da San Faransisko, ya haɗu da Robert Hunter a 1961. Hunter ne daga baya ya zama mai rubuta masa baitoci, shi kuma yana ɗora musu kari, haɗin da ya ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

A waɗannan shekaru Garcia ya ajiye jitar lantarki ya rungumi banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ƙoƙon da aka rufe da fata, wanda asalinsa ke komawa ga kayan kiɗan da bayi 'yan Afirka ta Yamma suka ƙera a nahiyar Amurka. Salon da ya bi shi ne bulugiras, kiɗan da Bill Monroe ya kafa, Earl Scruggs kuma ya ba shi salon kaɗa banjo da yatsu uku cikin sauri. Rashin yatsan tsakiya bai hana shi ba. Yakan kwashe sa'o'i yana gwaji, har a 1964 ya ratsa ƙasar da mota don ya ga Monroe da idonsa.

Wannan horo ya bar alama a kiɗansa har abada. A bulugiras ba a ɓoye kuskure a cikin ƙara: kowane sauti sai ya fito shi kaɗai, a fili. Shi ya sa ko bayan ya koma jitar lantarki, hannunsa ya bambanta da na tsararrakinsa da suka fito daga kiɗan buluz kaɗai.

Yana koyar da kiɗa a wani shagon sayar da kayan kiɗa lokacin da wani yaro ɗan shekara 16, Bob Weir, ya leƙo a daren jajibirin sabuwar shekarar 1964. Su biyun da Ron McKernan, wanda aka fi sani da Pigpen, suka kafa ƙungiyar kiɗan gargajiya. A 1965, bayan da ƙungiyoyin Ingila irin su Beatles da Rolling Stones suka mamaye Amurka, sai suka koma kayan lantarki. Bill Kreutzmann ya zama makaɗin ganga. Phil Lesh, wanda ya koyi busa ƙaho da tsara kiɗan zamani na Turawa, ya ɗauki jita mai kaurin murya duk da bai taɓa kaɗa ta ba.

Da farko sunansu Warlocks. Da suka ji wata ƙungiya na amfani da sunan, Garcia ya buɗe ƙamus ya ci karo da Grateful Dead. Sunan wani jigo ne na tatsuniyoyi: matafiyi ya tarar da gawar da aka ƙi binnewa saboda bashi, ya biya aka binne ta, daga baya mamacin ya saka masa da alheri.

Yadda kiɗan nan-take yake

A ƙarshen 1965 ƙungiyar ta zama mai kiɗa a tarukan da marubuci Ken Kesey ke shiryawa, inda mahalarta ke shan ƙwayar LSD mai sa gane-gane, wadda sai a Oktoban 1966 aka haramta ta a Kalifoniya. A tarukan babu wanda ya damu ko an kammala waƙa ko ba a kammala ba. Nan suka saba da barin kiɗa ya tafi inda ya ga dama. Nan kuma aka ƙulla alaƙar sunansu da ƙwaya, alaƙar da ba ta taɓa rabuwa da su ba.

Abin da suke yi a dandali ba shi da wuyar bayani. Waƙar rok ta yau da kullum minti uku ce ko huɗu, a tsakiyarta mai jita ya yi ɗan gajeren kiɗa da ya riga ya tsara, a koma baiti. Su kuwa sai su rera baiti ɗaya ko biyu, sannan su saki waƙar. Kowane makaɗi yana ƙirƙirar nasa a lokacin, yana sauraron sauran, yana ba su amsa. Mai jita mai kaurin murya ba ya tsayawa riƙe kari kawai, shi ma zance yake yi. Daga Satumban 1967, da Mickey Hart ya shigo, makaɗan ganga suka zama biyu.

Wannan dabara daga kiɗan jaz suka aro ta, musamman daga John Coltrane, wanda yakan ɗauki kari ɗaya ya yi ta juya shi tsawon lokaci. Garcia ya haɗa ta da abin da ya koyo a banjo da kuma salon Django Reinhardt, makaɗin jita na Faransa wanda shi ma gobara ta lalata masa yatsu biyu.

Waƙarsu mai suna Dark Star ta isa misali. Da suka fitar da ita a ƙaramin faifai a 1968, ba ta kai minti uku ba. A kundin Live/Dead na 1969, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo, ta kai minti 23. A wasu darare ta zarce haka, kuma ba a taɓa kaɗa ta iri ɗaya sau biyu ba.

Ba sa kuma maimaita jerin waƙoƙin da suka yi jiya. Wanda ya halarci wasa uku a jere a gari ɗaya, abu uku daban zai ji. Wannan ne ya sa mutane suka fara bin su.

Ba jita kaɗai ba

Masu cewa Garcia bai iya taƙaita kiɗa ba sukan manta da shekarar 1970. A cikinta ƙungiyar ta fitar da kundi biyu, Workingman's Dead da American Beauty, cike da gajerun waƙoƙi masu haɗin murya, yawancinsu shi da Hunter suka tsara. A lokacin da ake naɗar na biyun ne mahaifiyarsa ta rasu sakamakon hatsarin mota.

A wannan tsakanin ya koyi wata jita da ake kwantarwa a kan ƙafafu kamar tebur, ana goga mata ƙarfe ana taka feda. Bai daɗe da fara ta ba aka gayyace shi ya kaɗa ta a waƙar Teach Your Children ta ƙungiyar Crosby, Stills, Nash & Young. Miliyoyin mutane sun san wannan sauti ba tare da sanin mai shi ba.

A 1973 ya koma banjo tare da David Grisman da Vassar Clements da Peter Rowan da John Kahn a ƙungiyar Old & In the Way. Kundinsu da ya fito a 1975 ya jawo matasa da dama zuwa kiɗan bulugiras. Yana da kuma tasa ƙungiyar, Jerry Garcia Band, wadda da ita yake kaɗa waƙoƙin Bob Dylan da na rege da na majami'un baƙaƙen fata duk lokacin da Grateful Dead ke hutu. Kusan ba ya ajiye jita.

Manyan makaɗan jaz ma sun ɗauke shi da daraja. Ornette Coleman ya sa shi a kundinsa na Virgin Beauty a 1988. Branford Marsalis ya hau dandali tare da ƙungiyar a Maris ɗin 1990, a wani dare da masoyansu ke sanyawa cikin mafiya kyau.

Bangon lasifika da dalar Masar

Pigpen ya mutu a Maris ɗin 1973 yana da shekara 27, bayan doguwar jinya. A Yulin shekarar, Grateful Dead da Allman Brothers Band da The Band suka yi wasa a Watkins Glen ta jihar New York, a gaban jama'ar da aka ƙiyasta sun kai 600,000, fiye da taron Woodstock na 1969.

Saboda kiɗan nasu ya dogara ga jin kowane makaɗi a fili, sun kashe maƙudan kuɗi kan sauti. A 1974 injiniyoyinsu suka haɗa wani bangon lasifika sama da 600 da ake girkewa a bayan makaɗan. Sautin ya yi kyau ƙwarai, amma ɗaukar kayan da biyan ma'aikata ya kusa karya su. A Oktoban shekarar suka dakatar da rangadi, ba su koma sosai ba sai 1976.

Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977, ya yi suna har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi. A Satumban 1978 suka tafi Masar, suka yi wasa dare uku a gindin dalar Giza, tare da Hamza El Din, makaɗin ud ɗan ƙabilar Nubiya. A daren ƙarshe an yi husufin wata. A jajibirin sabuwar shekarar 1986 kuma, makaɗin gangar nan ɗan Nijeriya, Babatunde Olatunji, shi ya buɗe musu wasa a birnin Oakland.

Wani abin da ya bambanta su shi ne kaset. Yayin da sauran mawaƙa ke farautar masu naɗar wasansu a ɓoye, su sun kawar da kai, har a 1984 suka ware wa masu naɗa wuri na musamman, bisa sharaɗin a yi musaya amma kada a sayar. Kaset ɗin suka yi ta yawo hannu-hannu, suka zame musu talla kyauta. Shi ya sa a yau ake iya sauraron dubban wasanninsu a intanet.

Abin da masu suka ke cewa

Ƙorafin masu sukar Garcia ba na banza ba ne. Na farko, kiɗan nan-take caca ne. Wani daren komai ya haɗu, wani daren kuma a yi rabin sa'a ana lalube. Su kansu sun amince cewa wasansu a Woodstock bai yi kyau ba: ruwan sama ya jiƙa dandali, lantarki na jan su idan sun taɓa kayan kiɗa.

Na biyu, muryarsa siririya ce mai rawa, kuma haɗin muryoyin ƙungiyar a dandali yakan kauce. Na uku, ba shi da irin ƙarfi da ruri na Jimi Hendrix ko Jimmy Page, ba shi kuma da saurin da Eddie Van Halen ya zo da shi a ƙarshen shekarun 1970. Wanda ya saba auna makaɗin jita da waɗannan ma'aunai zai ga kamar Garcia na jan ƙafa.

Da kiɗan fank na 'yan tawaye, irin na Ramones da Sex Pistols, ya ɓullo a 1976 da 1977 da waƙoƙi masu zafi na minti biyu ko uku, dogon kiɗan jita ya zama abin dariya a wurin matasa da yawa da marubutan mujallu. Wasu kuma suna cewa sai wanda ya bugu ne ke jin daɗin irin wannan kiɗa.

Abin da masoya ke ji

Masoyansa ba sa musun cewa akwai darare marasa daɗi. A wurinsu hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma ba a samun na cin sai an yarda da kasadar.

Abin da suke nunawa shi ne yadda yake gina kiɗa. Makaɗan rok da yawa sukan zaɓi rukunin sauti guda su yi ta zagayawa a cikinsa duk yadda waƙar ta juya. Garcia kuwa yakan bi kowane juyi na waƙar, yana fara wa daga karin baitin, yana ƙawata shi, yana nisa da shi kaɗan-kaɗan har ya ɓace, sannan ya dawo da shi ta hanyar da ba a zata ba. Sautinsa garau yake, ana gane shi daga taɓawar farko.

Suna kuma nuna cewa kiɗan nasa na sauraro ne. Yakan ja baya ya bar wani ya shige gaba, ko ya ɗauki ɗan abin da mai fiyano ya yi ya mayar da shi jigo. Wanda ya yanko minti ɗaya daga tsakiyar irin wannan zance don ya gwada shi da na wani makaɗi, ya cire abin da ke ba shi ma'ana. Wannan na cikin dalilan da suka sa jerin gwanaye ba ya yi wa makaɗan wannan salo adalci.

Sauran da inuwa ta rufe

Idan har ana gardama kan Garcia, to aƙalla ana ambatonsa. Bob Weir ya shafe shekaru 30 a gefensa yana kaɗa jitar rakiya ta wata hanya da ba a saba ba, yana cike gurbin da ke tsakanin Garcia da Lesh, inda ya yi koyi da hannun hagun McCoy Tyner, mai fiyanon Coltrane. Ba kasafai ake lura da aikinsa ba sai an kasa kunne da gangan.

John Cipollina na ƙungiyar Quicksilver Messenger Service tsaran Garcia ne a San Faransisko, mai sauti mai karkarwa da babu irinsa. A kundin Happy Trails na 1969, waƙa ɗaya ta cinye gefen faifai guda, kusan minti 25. Ya mutu a 1989 yana wasa a ƙananan wurare.

A kudancin Amurka, Allman Brothers Band sun bi wata hanyar: dogon kiɗa su ma, amma a tsare, da tushen buluz, da jita biyu masu tafiya tare. Duane Allman ya mutu a hatsarin babur a Oktoban 1971 yana da shekara 24, sunansa ya zama abin girmamawa. Abokin kiɗansa Dickey Betts, wanda ya tsara In Memory of Elizabeth Reed da Jessica, ya daɗe a ƙarƙashin inuwarsa. Haka Michael Houser na ƙungiyar Widespread Panic, wanda cutar daji ta kashe a 2002 yana da shekara 40, ba a san shi sosai ba a wajen masoyan ƙungiyarsa.

Ko a cikin masu son dogon kiɗa ba a haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Wasu sun fi son tsari da ƙarfin Allman Brothers, suna ganin Grateful Dead sun cika sakaci. Wasu kuma suna ganin sakacin ne ke ba da damar abin mamaki ya faru. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Nasara da nauyinta

Daga ƙarshen shekarun 1970 Garcia ya faɗa shan hiroyin da hodar ibilis. Ya yi ƙiba, yana shan taba ba ƙaƙƙautawa, ba ya kula da abin da yake ci. A Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi da ƙwaya a cikin mota a lambun Golden Gate. A Yulin 1986 ciwon suga ya jefa shi cikin dogon suma na kwanaki, har aka fitar da rai.

Da ya farfaɗo, yatsunsa sun manta aikinsu. Abokinsa Merl Saunders, makaɗin fiyano, ya riƙa zama da shi yana maimaita masa darasi tun daga tushe. Kafin shekarar ta ƙare ya koma dandali.

A 1987 kundin In the Dark ya fito, waƙar Touch of Grey ta kai mataki na 9 a jerin Billboard. Ita ce kaɗai waƙarsu da ta kai nan. A shekarar ne kamfanin Ben & Jerry's ya sanya wa wani askirim sunansa. Sabbin masoya suka yi ambaliya, wasa ya koma manyan filayen ƙwallo, ƙungiyar ta shiga sahun waɗanda suka fi samun kuɗin rangadi a Amurka.

Nasarar ta zo da nata nauyin. Ma'aikata da dama da iyalansu sun dogara ga rangadin, rangadin kuma ya dogara ga mutum ɗaya. Dubban mutane marasa tikiti sukan cika harabar wurin wasa, abin da ya haddasa rikici da hukumomin garuruwa. Masoya sun ɗauke shi kamar shugaban ɗariƙa, matsayin da shi bai taɓa so ba. Mai fiyanon ƙungiyar, Brent Mydland, ya mutu a Yulin 1990 sakamakon ƙwaya. A 1992 Garcia ya sake kwantawa rashin lafiya har aka soke rangadi. Ya ɗan gyara rayuwarsa, sannan ya koma gidan jiya.

A 1994 aka shigar da ƙungiyar cikin zauren karrama gwanayen kiɗan rok, amma shi bai halarta ba. A shekarunsa biyu na ƙarshe yakan manta baiti, kansa a sunkuye, hannunsa ba kamar da ba. Ko masoyansa na gaske sun yarda cewa wasannin wannan lokaci suna da wuyar saurare.

Ƙarshe

Wasansa na ƙarshe da Grateful Dead shi ne na filin Soldier Field da ke Shikago, ranar 9 ga Yuli, 1995. Bayan nan ya shiga cibiyar Betty Ford ta masu neman rabuwa da shaye-shaye, ya fito bayan kimanin mako biyu, sannan ya kai kansa wata cibiyar mai suna Serenity Knolls a arewacin San Faransisko. A can ya mutu da bugun zuciya ranar 9 ga Agusta, 1995, kwana takwas bayan cikarsa shekara 53. Ya yi aure sau uku, ya bar 'ya'ya mata huɗu.

Kimanin mutum 25,000 ne suka taru a lambun Golden Gate don tunawa da shi. An ƙona gawarsa, aka zuba wani ɓangare na tokar a kogin Ganges na Indiya, sauran a mashigin tekun San Faransisko. A Disamban 1995 abokan kiɗansa suka sanar da cewa sun ajiye sunan Grateful Dead.

Salon bai mutu da shi ba. Ƙungiyoyi irin su Phish, wadda aka kafa a 1983, da Widespread Panic sun ci gaba da bin tsarin: dogon kiɗa, sauya jerin waƙoƙi kowane dare, barin masoya su naɗa. A 2015, da sauran 'yan ƙungiyar suka sake haɗuwa a Soldier Field don cikarta shekara 50, Trey Anastasio na Phish ne ya tsaya a gurbinsa. A 2017 aka yi gwanjon jitarsa mai suna Wolf, wadda Doug Irwin ya ƙera masa, a kan dala miliyan 1.9, aka ba da kuɗin ga wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam.

Mai son yanke hukunci da kansa yana da hanya a buɗe, tunda kusan duk abin da Garcia ya kaɗa a dandali an naɗe shi. Masu son gajeriyar waƙa sukan fara da American Beauty, masu haƙurin dogon kiɗa kuma da Live/Dead ko wasan Cornell na 1977.